Katakai Biyu na Surukata

Surukata ta rasu ranar Talata da hantsi, aka rufe ta washegari bayan azahar a nan Dubai, domin ta daɗe da gargaɗin kada a wahalar da gawarta a jirgi. Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a gidanmu na Abu Hail, hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Maza suna ƙasa a shagon wani abokin maigidana, mu mata muna sama, takalma sun cika baranda har bakin matakala.

Masu zuwa iri biyu ne, waɗanda suka san ta da waɗanda suka san ɗanta. Na biyun sun fi yawa, don maigidana kago yake yi, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, kuma duk wanda kayansa suka taɓa bi ta hannunsa ya ga ya kamata ya leƙo. Wata Hajiya da ta zo sarin atamfa daga Kano ta zauna, ta yi addu'a mai tsawo, ta shafa, sannan idonta ya sauka kan hoton da ƙanwar maigidana ta jingina a kan tebur. Hoton wata budurwa ce fara sol, da lamba a ƙirjinta, sanda a kowane hannu, bakinta a buɗe, bayanta fari fat.

"Wannan fa?" in ji ta.

"Marigayiyar ce," na ce.

"La ilaha illallahu. Ashe Baturiya ce? To amma dai ta musulunta ko?"

Na ce mata ai marigayiyar ta sauke farali tun kafin a haifi wasunmu da ke falon nan. Ta ce masha Allah, ta sake duban hoton, ta tambaya ko wasan ƙanƙara take yi. Na ce e, don ban ga amfanin dogon bayani ba.

Wadda ta fi kowa kuka maƙwabciyarmu ce, wata Kirista 'yar Jos da ke aikin jinya, wadda ta shekara tana shigowa duk Asabar tana auna wa surukata jini. Ta ce ranar farko da ta kama hannun Mama ta ɗauka na'urarta ce ta lalace, don ba ta taɓa jin zuciyar tsohuwa tana bugawa a hankali haka ba, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa. Mai kantin ƙasa ma, wani Ba'indiye, ya hawo da katan ɗin ruwa a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya ce yau ya biyo matakala ne saboda Mama. Ya ajiye ruwan ya sauka a lif.

A rana ta uku wata dattijuwa ta ce, "Wannan baiwar Allah ba ta ci haƙƙin kowa ba, ban kuma ga mai zuciyar da zai ci nata ba." Kowa ya ce haka ne. Ni na tashi na shiga kicin na ɗora shayin da babu wanda ya nema. Ni na ci haƙƙinta, shekara huɗu kafin rasuwarta, kuma har ta rufe ido ban ji ta ce mini ta yafe ba. Shi ya sa nake wannan rubutu, ban da son kada a manta ko wace ce ita.

Abin da na sani na ƙuruciyarta gutsure-gutsure ne, don ba mai son ba da labari ba ce. A wani ƙauye na arewacin Rasha aka haife ta, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara. Makaranta tana da nisa, yara kuma a kan katakai suke zuwa: katako biyu sirara, sun fi mutum tsayi, kansu ya ɗan lanƙwashe sama, a ɗaure su a bakin takalmi, a riƙe sanda biyu ana tura ƙasa ana zamewa. Malaminsu ya lura kullum ita ke fara isowa, alhali gidansu ne mafi nisa, sai ya sa ta a tsere. Tana shekara goma sha shida aka ɗauke ta zuwa birni, kafin ta kai ashirin da uku ta shiga cikin 'yan matan da ake zaɓa su wakilci ƙasar.

Tseren nasu a daji ake yi, kilomita biyar ko goma, a hau tudu a sauka a sake hawa, wani lokaci su huɗu suna karɓa-karɓa. Da rani, da babu ƙanƙara, gudu suke yi cikin fadama, su yi faskare, su tuƙa kwalekwale. Ta taɓa gaya wa 'yata, da ta dawo daga makaranta tana kukan an sa su zagaya fili sau uku, cewa su a da idan mutum ya gama tsere bai ji ɗanɗanon jini a bakinsa ba, to yawo ya je. Yarinyar ba ta sake kawo mata ƙara ba.

Labarin tserenta na ƙarshe sau ɗaya na ji shi, muna gyaran zogale. Ta ce ana shafa wa ƙasan katakon wani irin kaki, kuma kowace irin ƙanƙara da nata, wanda ya yi kuskure ko dai ya riƙa zamewa baya a tudu, ko ƙanƙarar ta manne masa ya kasa gaba. Ran nan ne za a fitar da waɗanda za su je babbar gasa a ƙasar waje. Da safe ta fita ta damƙi ƙanƙara a hannu, ta ji ta fara jiƙa, ta san rana za ta sauya ta kafin a tashi. Mai horar da su ya ce kowa ya shafa kaza. Ta ce to, ta zagaya bayan rumfa ta shafa nata. Ita ta zo ta ɗaya a kilomita goma, aka rubuta sunanta.

Bayan mako biyu aka kira ta ofis. An gan ta da wani ɗalibi baƙar fata, ɗan Kano, da ya je karatun injiniya.

"Ba su ce in rabu da shi ba," in ji ta. "Cewa suka yi in je in yi tunani. Na je na yi."

Suka karɓe rigar, da takalman, da jakar. Katakan ne kawai suka bar mata, don ba nasu ba ne, mahaifinta ne ya sayar da maraƙi ya saya mata. Na tambaye ta ko ta yi da-na-sani.

"Na so in je," ta ce. "Shi ma na so shi. Ba a ba ni duka biyun ba. Miƙo min tiren can."

Da katakan ta sauka Kano, a naɗe cikin bargo, dangin miji suna tambaya ko ƙyauren gado ne. An yi ta jira a ga gazawarta, sai uwar mijinta ta ajiye mata turmi da gero ta koma gefe ta zauna. Har yau tsofaffin gidan suna ba da labarin. Ta kalli yadda ake yi, ta karɓi taɓarya, ta yi ta daka har matan da aka haɗa ta da su suka sauya hannu sau uku, ita ko numfashinta bai canza ba. Ta ce mini babu wani abin mamaki, tura sanda da daka duk abu ɗaya ne, daga ciki ƙarfin yake fitowa, hannu rakiya kawai yake yi. Shekara talatin da wani abu ta yi a gidan nan. Ta iya Hausa har da baƙar magana, sai dai muryar ba ta taɓa hawa da sauka yadda tamu take yi ba. Ta ɗauki kunyar ɗan fari fiye da mu da muka gada, har ta mutu maigidana "yaron nan" ne a bakinta.

Da mijinta ya rasu, yaron nan ya yi mata biza ya kawo ta wurinmu. A lokacin ne na zauna da ita sosai, shekara goma sha ɗaya.

Ba ta shiga lif. Ta ce akwati ne, kuma lokacin shigarta akwati bai yi ba. Bayan sallar asuba takan zura hijabi ta ɗauki sandunan mofa na goge ɗaki guda biyu da ta cire wa kai, ta fita ta bi bakin ruwa tana dogara su da sauri, direbobin tasi suna rage gudu suna kallo. Na yi mata magana cewa matan 'yan kasuwa suna tsegumi, ta ce su fito su bi ta su faɗa mata a hanya. Ba ta son na'urar sanyaya ɗaki, wannan ce rigimarmu ta kullum. Ni in kunna, ita ta kashe, wai wannan sanyin mushe ne, ba ya shiga ƙirji ya wanke shi. Ta fi son ta zauna cikin zufa da kofin shayi, tana lasar jam da cokali. Idan mutum ya shigo mata a fusace yana zuba, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Numfashi tukuna." Na sha wannan kalmar har na ƙoshi.

Shekarar da ta zo, maigidana ya so ya burge ta, ya kwashe mu zuwa babban kantin nan da aka zuba ƙanƙara a cikinsa, ana hayar kaya ana zamewa. Muka tsaya a jikin gilashi. Ta daɗe tana kallon mutane suna zaune a kujera ana jan su sama, su gangaro, a sake jan su.

"Mama, ko a karɓo miki kaya ki gwada?" ya ce.

"Wa ke kai su sama?"

"Inji ne."

"To me suka yi ke nan?" Ta gyara hijabinta. "Wannan gangara ce. Mu hawa muke yi. Yalla, mu je gida."

A hanya dai ta ce ƙanshin wurin ya yi kama kaɗan, ba ta ƙara komai a kai ba.

Alherinta ba na baki ba ne. Ina da cikin ɗana na uku, wata bakwai, jini ya ɓalle mini da rana tsaka, maigidana yana Jebel Ali wurin loda kwantena, lif kuma ya lalace tun safe. Ina zaune a ƙasa ina salati, na tabbata mutuwa ce. Ta dube ni, ta tuɓe hijabi, ta durƙusa ta ce in hau. Na ce Hajiya ba za ki iya ba. Ta ce in rufe bakina in riƙe wuyanta. Mace ta haura sittin ta goya ni da tsohon ciki ta sauko da ni hawa huɗu, ina jin numfashinta yana fita daidai da takunta, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Yaron ya rayu. Da na zo yi mata godiya ta ce na fi yadda take zato nauyi, in rage cin shinkafa. Tun daga ranar take ce mini 'yata.

Wannan matar ce na yi wa abin da zan faɗa.

Sana'ata kayan ɗakin amare: gado, labule, kafet, madubi, in haɗa in aika Kano. Wata shekara ita da maigidana suka tafi Umara, ni kuma ina da wani dogon madubin tsaye da wata uwar amarya ta nace a kai. Sau biyu ina aika irinsa yana isa a fashe, matar ta ce in na uku ya fashe ta bar ni har abada, ita da ƙawayenta. Ranar Juma'a ce, washegari da safe za a rufe kwantena. Mai ɗaure mini kaya, wani dattijo mutumin Damagaram mai surka Hausarsa da Faransanci, ya zo gida ya duba madubin ya ce kwali da soso ba za su yi ba, sai an samo katako biyu dogaye, sirara, masu ƙarfi, a ɗaure a bayansa. Masu katako duk sun rufe.

A nan na tuna abin da ke saman sif ɗin Hajiya, naɗe cikin tsohon zani. Zan faɗi abin da na gaya wa kaina, ko da yake ba hujja ba ce. Shekara bakwai ban taɓa ganin ta sauko da su ba. Lambobin da ta ci a tsere kuwa tuni ta ba jikoki, suna wasan 'yar kasuwa da su, ɗaya ma ta faɗa bayan firij babu wanda ya ciro. Na ce wadda ba ta damu da lambar yabo ba, ina ruwanta da tsohon itace? Kuma ai sabo zan saya mata. A wurinmu 'yan kasuwa, wanda ya karɓi tsohon abu ya ba ka sabo ya yi maka alheri ne, da wannan tunanin na tashi.

Na taka kujera na sauko da su. Zanin babu ƙura ko kaɗan, alhali saman sif ɗina in na kwana bakwai ban share ba sai a yi rubutu a kai. Da muka warware, ƙasansu yana sheƙi, sumul, yana ƙanshin kaki sabo. Na lura da wannan sarai. Na san ma'anarsa.

Dattijon ya juya ɗaya a hannunsa, ya lanƙwasa shi a gwiwa ya sake, ya ji yadda ya koma.

"Hajiya, wannan ba itacen banza ba ne fa. Bon, naki ne?"

"Na gida ne."

"Sun fi madubin tsawo. Sai na rage sama da ƙasa. Kin tabbata?"

"Malam, yalla, yanka. Khalas, shi ke nan."

Ya sa zarto. Itacen ya yi masa gardama, sai da ya huta sau biyu. Guntaye huɗu suka faɗi a kan tayil, biyu masu lanƙwasa, na tattara su da garin na kai shara da hannuna.

Washegari na je kantin ƙanƙarar nan na ce a ba ni katakan zamiya mafi kyau. Mai shagon ya tambaye ni wane iri. Ban san akwai iri-iri ba, na ce wanda manya suke saya. Ya ba ni wasu jajaye, masu faɗi, masu nauyi, da ƙarfe a gefensu. Na jingina su a ɗakinta na ɗaura musu kintinkiri. Wallahi har daɗi nake ji.

Da suka dawo ta raba mana dabino da zamzam, ta shiga ɗaki. Na bi ta ina murmushi. Ta dubi jajayen, ta ɗaga kai ta dubi saman sif.

"Hajiya, canji na yi miki," na ce.

Ta sa yatsa ta shafa ƙarfen gefen. "Waɗannan na masu gangara ne."

"Au, ba ɗaya ba ne?"

"Ina nawa?"

Ƙaryar ba shirya ta na yi ba, fitowa kawai ta yi. Na ce gara ce ta cinye su, na ɗauko zan share na tarar sun zama gari, na zubar.

"Gara," ta ce. "A hawa na huɗu."

"Wallahi nima na yi mamaki."

Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce in ja mata ƙofa za ta yi sallah.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Maigidana ya gaskata, har ya kira masu feshi suka fitar da mu daga gida yini guda, ita tana zaune a inuwar masallaci da carbinta. Jajayen ta ba mai gadin gininmu ta ce ya san yadda zai yi da su. Ta ci gaba da cin abincina, tana yi wa yarana wanka, tana gaishe ni da kwana. Abu ɗaya ne ya sauya: na daina zama 'yata, na koma uwar yara. Babu wanda ya lura sai ni. Na yi ta saya mata turare da mayafai, tana karɓa tana sa albarka, tana ajiyewa a leda. Sau da yawa na shiga ɗakinta da niyyar faɗa, in tsaya, in tambaye ta ko tana son shayi. Kunya ce, da kuma girman kai, ba zan ɓoye ba. Haka muka yi shekara huɗu a ɗaki biyu da falo.

Ciwon nata bai daɗe ba. Ƙoda ce, aka kwantar da ita mako uku, likitoci suka ce a dawo da ita gida. Ta san abin da ake nufi, mu ma mun sani. Sai waya ta fara shigowa daga Kano, dangi suna neman gafara kamar yadda aka saba, ni ce kuma mai riƙe mata wayar a kunne. Ƙanin mijinta da ya taɓa hana ta shiga gonar marigayi, ta ce ta yafe. Wata da ta shekara ashirin tana kiran ta kafira a bayan ido, ta ce ta yafe duniya da lahira. Ina tsaye hannuna yana sagewa, ina jin kalmar tana wucewa ta gabana zuwa wurin kowa.

Wata ranar Lahadi bayan azahar, yara suna makaranta, na ajiye wayar na durƙusa a gaban gadon.

"Hajiya, ba gara ba ce."

"Na sani."

"Madubi na ɗaure da su, na aika Kano. Na sa aka yanke su."

Ta juyo da kai ta dube ni.

"Da zarto?"

"Da zarto."

"Kan ko gindin?"

"Duka biyun."

Ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta ce, "Madubin ya isa?"

"Ya isa lafiya."

"Zai isa. Ba sa karyewa."

"Hajiya, don girman Allah ki yafe mini."

Ta kalli silin. "Ɗaga mini filon nan, uwar yara, wuyana ya gaji."

Na ɗaga mata. Shi ke nan abin da na samu. Kwana tara ta ƙara a duniya, na sake roƙo sau biyu, sau ɗaya ta ce in ba ta ruwa, sau ɗaya ta juya ta fuskanci bango. Na ji tsoro, na kuma ji haushi. Na ce a raina wanda ya ƙwace mata gona ya samu, ni da na yi jinyarta, na wanke mata jiki, na kwashe kashinta, an hana ni saboda itace. Daga baya na gane mutumin gona bai taɓa hawa bayanta ba. Ranar Talata ina ba ta kunu a cokali ta ɗauke kai, numfashin nan da ba ya gaggawa ya tsaya.

Ban yi kuka ba a ranar. Ƙanwar maigidana ta taso daga Kano, ta iso da safe, ni ina ta haɗa likkafani da turare da sabulu a jaka, ina yin komai kamar aikin aike. A nan akwai matan da aka ajiye a maƙabarta don wankan gawa, amma ana barin wata daga dangi ta shiga, kuma kowa ya san 'yar cikinta ce za ta shiga. Ana jiran mota maigidana ya kira ni kicin ya tura ƙofa.

"Mama ta bar wasiyya," ya ce. "Ranar Juma'ar nan ta gaya mini, ta ce kada in faɗa sai ta cika. Ke za ki yi mata wanka."

"Ni? Ga 'yarta ta zo."

"Na faɗa mata haka. Ta ce a'a, 'yata ta gidan nan nake nufi." Ya murza idonsa. "Ta ce mai wanka ana so ta iya rufe abin da ta gani, kuma wadda ta iya riƙe magana shekara huɗu a cikinta za ta iya. Har dariya ta yi. Wace magana ce ta shekara huɗu?"

Na ce zan gaya masa in an dawo. A nan kukan ya zo, shi kuma ya tsaya yana ba ni haƙuri a kan abin da bai sani ba.

Na shiga ɗakin wankan tare da mata biyu da ban san yarensu ba. Suka nuna mini inda zan tsaya, suna zuba ruwa ina cuɗawa, daga dama zuwa hagu, sau uku. Na wanke kafaɗun nan, na wanke ƙafafun nan, na tsefe farin gashinta na yi mata kitso uku, na naɗe ta da hannuna na ɗaure.

Maganar katakai tawa ce, shi ya sa na fallasa ta, na gaya wa ɗanta, yanzu kuma na gaya wa duniya. Abin da na gani a ɗakin can nata ne. Ta ba ni ajiya, kuma wannan karon ba zan taɓa ba. Allah ya sanyaya makwancinki, Hajiya, da irin sanyin da kike so.